Ina Sauran?

Yaya ne ya kawo takardar. A wayarsa ya fara nuna wa Baba, sannan ya je shagon kwamfuta aka bugo masa, har da lulluɓe ta da leda mai sheƙi kamar takardar gama makaranta. Da na dawo daga aiki na same su a falo, shi da Baba da Umma da Gwaggo, kowa fuska a sake. Rabona da in ga haka a gidanmu tun ranar da likita ya ce ƙodojin Baba sun gaza.

"Yawwa, ga Farfesa nan," in ji Yaya. "Zo ki karanta mana. Yau dai bokon nan naki zai yi mana rana."

Farfesa yake kirana tun da na gama digiri na biyu, kuma ba don yabo ba. Ni ko a jikina. Na sha wuya kafin in kai inda nake, ban kuma ga dalilin sunkuyar da kai ba. Aikina tace bincike. A ofishinmu, kafin a yarda asibitoci su fara amfani da wani sabon magani, sai takardun gwajin da aka yi masa sun biyo ta teburina. Ina bin su yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa, kuma na iya. Ko wanda ba ya so na a ofishin nan ya san na iya.

Likitan ƙoda na asibitin gwamnati ya riga ya gaya mana lokaci ya yi da za a fara yi wa Baba wankin ƙoda, a riƙa ɗora shi a inji a kai a kai. Baba ya ƙi. Makanikin manyan motoci ne, a ƙarƙashin injuna ya yi rayuwarsa. Ya ce shi ke kwance inji ya ɗaure, ba zai kwanta inji ya riƙe masa rai ba. Mun yi magiyar duniya, ya kafe.

To ga takarda ta zo da wata hanya. Wani likita mai asibitin kansa a can ɗaya gefen gari ya haɗa wani ruwan magani da ake ƙara wa mutum ta jijiya, tare da tsarin abinci mai tsanani, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba gishiri. Ya gwada a kan masu ciwon ƙoda, ya rubuta, aka buga a wata mujalla. Akwai wani datti da ake aunawa a jini, kiriyatinin, wanda ƙoda ke fitarwa. Idan ta gaza sai ya taru. A gidanmu ba mai wahalar da harshensa, "lamba" kawai muke cewa. Takardar ta ce lambar kowa ta sauka. Kowa.

"Ku ba ni zuwa anjima," na ce.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ko jakata ban ajiye ba. Allah ya sani, ban taɓa buɗe takarda ina roƙon ta zama gaskiya kamar wannan ba.

A jami'a mun yi wata malama, doguwa, ba ta dariya. Ita ta koya mana tambayoyin da ake yi wa kowane bincike kafin a yarda da shi. Ta sa mun haddace su har muna mafarkinsu. Su wa aka gwada, kuma sun yi kama da mara lafiyar da ke gabanki? Da wa aka kwatanta su? Wa ya raba waɗanda suka sha maganin da waɗanda ba su sha ba, ƙuri'a ce ko son ran likita? Me aka auna, abin da ya dami mara lafiya ko abin da ya fi sauƙin aunawa? Wa zai ƙaru idan sakamakon ya yi kyau? Akwai wadda takan buga tebur idan ta zo kanta: waɗanda suka fara, duk an bi su har ƙarshe? Takan ce tambayoyin nan ba su da uwa ba su da uba, ba sa duba fuskar kowa. A lokacin muna dariya a ɓoye. Ban san wata rana zan ɗora su a kan ubana ba.

Ba a kwatanta su da kowa ba. Wanda ya rubuta shi ne mai asibitin, shi ya haɗa ruwan, shi ya auna jinin. Na haɗiye waɗannan, na ce ƙila ƙaramin bincike ne na farko, a yi masa uzuri. Na ci gaba. A shafi na biyu an ce mutum tamanin suka fara. A jadawalin ƙarshe na ƙirga hamsin da ɗaya. Na koma baya, na sake dawowa. A ƙasan jadawalin, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa an cire waɗanda ba su kammala maganin ba. Shi ke nan. Ba a ce sun gaji ba, ba a ce sun koma inji ba, ba a ce suna raye ba.

Sai kuma lambar kanta. Kiriyatinin daga tsokar jiki yake fitowa. Ka hana mutum nama, ka bar shi ya rame, ka ɗura masa ruwa kafin ka ɗebi jininsa, lamba za ta ɗan sauka ko da ƙodar ba ta motsa ba. Wannan a shekarar farko ake koya mana shi.

Na zauna a bakin gado, takardar a cinyata, ina jin dariyar Gwaggo daga falo. Na sake karantawa daga farko, ina neman ko da layi ɗaya da zan maƙale a jikinsa. Babu.

Da na fito, Umma ce ta fara ganin fuskata. Ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Takardar nan ba ta nuna komai ba," na ce. "Baba, kada ka je."

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. Yayar Baba ce, ita ta goya shi, kuma har yau tana yi masa magana kamar yana bayanta. "Ke 'yar nan, an buga fa. Da tambari da komai. Ko kin fi waɗanda suka buga sani?"

"A kan wannan, na fi su, Gwaggo."

Yaya ya yi tsaki. "Kun ji ko? Na san za a yi haka. Ita fa in ba ta kushe abu ba, ba ta jin ta yi karatu."

Na yi musu bayani dalla-dalla. Na ce tamanin suka shiga, hamsin da ɗaya aka nuna mana, ina sauran? Yaya ya ce ƙila sun warke ne sun tafi abinsu, wa ke komawa asibiti bayan ya samu lafiya? Na ce da sun warke da shi zai fara faɗa, da manyan baƙaƙe. Na yi maganar tsoka da lamba, Gwaggo ta ce ita ba ta gane wannan surkullen ba, abin da ta sani shi ne lamba in ta hau ciwo ne, in ta sauka sauƙi ne, haka likitan ƙodar ma ya ce.

Duk wannan Baba yana saurare. Yana zaune a kujerarsa, manyan hannayensa a kan gwiwa, agogon ƙarfensa ya cika masa wuyan hannu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata," ya ce. "Injin nan naki fa? Shi ma kin yi masa tambayoyin?"

"An yi masa, Baba. An daɗe ana yi."

"Yana warkarwa?"

Na kalli Umma. Idanunta na roƙona in ce e. Kalma ɗaya ce, kuma da na faɗe ta da ƙila washegari muna asibitin gwamnati. Amma mutumin nan ya tambaye ni ne don ya san ba na yi masa ƙarya.

"Ba ya warkarwa. Yana yin aikin ƙodar ne kawai. Da wahala, akwai gajiya, kuma wasu suna rasuwa a kai. Amma an san ko su nawa ne, Baba. An ƙirga su. Kuma waɗanda suka kai matsayinka suka ƙi shi, an san abin da ke samunsu."

"To kun ji da bakinta," in ji Yaya. "Nata ba ya warkarwa. Wancan ya ce nasa yana warkarwa. Sai Baba ya zaɓa."

Baba ya zaɓa.

Asibitin mai takardar yana hawa na biyu a wani sabon gini, sama da shagon sayar da tayil. Ɗakin jira fes, da na'urar sanyi, da furannin roba, da hotunan mutane suna murmushi riƙe da sakamakon gwajin jininsu. Ta cikin wata ƙofar gilashi ana hango kujerun ƙarin ruwa a jere, masu laushi, kowace da ƙarfen rataye leda. Na ce zan bi su ranar farko, Yaya ya ce da sharaɗin in kama bakina. Ban yi alkawari ba.

Mai asibitin mutum ne mai fara'a, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Rabon da wani likita ya yi wa Baba haka, ban sani ba. Na ga kafaɗun Baba sun sauka.

"Likita," na ce, "na karanta bincikenka. Mutum ashirin da tara da ka cire, ina suke?"

Ya dube ni, ya dubi Yaya, murmushin bai gusa ba. "Ƙanwarka ce? Nas ce?"

"Ba nas ba ce. Tambaya na yi."

"Malama, maganin nan yana son haƙuri. Wasu ba sa iya tsarin abincin, sai su bari. Ba za mu auna magani a kan wanda bai sha shi har ƙarshe ba, ai ba adalci."

"Ka bi su ka ji yadda suka ƙare?"

"Ke!" Yaya ya damƙi hannuna ya fitar da ni har bakin matakala. "Wallahi in kika sa mutumin nan ya ƙi karɓar Baba, ni da ke ne. Me kike so? So kike ya mutu don a ce kin yi gaskiya?"

Ban yi kuka a gabansa ba. Na sauka na tsaya a gaban shagon tayil ina kallon tayil, har suka fito.

Daga ranar aka daina yi mini magana a gida, sai abin da ya zama dole. In na shigo falo, hira ta mutu. Gwaggo ta tare a gidanmu don jinya, ta riƙa waya da dangi a gabana, tana cewa ai yarinyar nan boko ya cinye mata tausayi. Wata 'yar'uwa da ban taɓa gani ba ta kira ni ta yi mini wa'azi a kan biyayyar iyaye. Na saurare ta har ta gama, na tambaye ta ko ta karanta takardar. Ta kashe wayar.

Na kai maganar ofishinmu. Shugabana ya karanta, ya girgiza kai, ya ce tabbas wannan shara ce, in rubuta ƙorafi a miƙa wa kwamiti, kwamitin zai zauna bayan hutu. Na rubuta. Na rubuta wa mujallar ma, ba su amsa ba. Na je wurin likitan ƙoda ni kaɗai, na jira a layi kamar mara lafiya. Ya ce ba zai iya ɗauko babban mutum mai hankalinsa da ƙarfi ba. Ya ce in kula da numfashinsa, da shaƙuwa, da amai, da barcin da ya wuce kima. In na ga waɗannan kada in tsaya shawara da kowa.

Tun da ba zan iya hana shi ba, na ce to ni zan riƙa dafa abincin. Ba don na yarda ba, don in kasance kusa in ga abin da ke shiga da abin da ke fita. Kafin in tafi aiki in dafa shinkafa fara da kabeji ba gishiri, in kai masa, in zauna har ya ci. Yakan yi loma kaɗan ya ture, ya ce bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake yi. In na dawo in duba ƙafafunsa. In danna yatsa a ƙaurinsa, ramin ya tsaya bai koma ba. Ba ya hana ni.  Ni nake raka shi asibitin ma, don Yaya yana sauke mu ne ya wuce shagonsa. Mai asibitin in ya gan ni sai ya gaishe ni da "Malama mai tambaya," in amsa masa da kallo.

A can Baba ya yi aboki. Wani tsohon hedimasta ne, siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, kullum a kujerar kusa da taga. Kowa Hedimasta yake ce masa. Shi da Baba suka mai da lamba gasa, kamar yara da sakamakon jarrabawa.

"Makanike, nawa ka ci wannan karon?"

"Ta ɗan sauka."

"Ɗan sauka! Ni tawa gangarowa take kamar motar da ka gyara wa birki."

Baba ya yi dariya har da tari. "Motar da na gyara ba ta gangara, Malam. Sai dai in ɗalibinka ne ke tuƙi."

Hedimasta yakan juyo gare ni. "'Yata, an ce ke ce ba ki yarda da mu ba. Ba komai. Ranar da na kammala zan zo har gida in ci nama a gabanki, ki ba ni maki."

Na so shi. Ina kallon wuyan rigarsa yana ƙara yi masa yawa, ina kallon yadda yake tsayawa ya huta a tsakiyar magana, na rasa yadda zan yi. Sau ɗaya na bi 'yarsa zuwa matakala na ce ta kai shi a duba shi a wani wurin. Ta ce ai lambarsa sauka take, ta zare hannunta daga nawa.

Ta Baba ma ta sauka. Ranar da sakamakon ya fito, Gwaggo ta yi guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Yaya ya ɗauki hoton takardar ya tura wa dangi kaf, sannan ya zo ya ajiye mini ita a kan cinya.

"Farfesa, a tace mana wannan."

Na dubi Baba. Yana murmushi, ya ɗaga hannu zai karɓi ruwa, sai agogonsa ya zame daga wuyan hannu ya gangara har kusan gwiwar hannu. Hannun nan da yake ɗaga ni sama da shi kaɗai ina yarinya. Ya mayar da agogon da sauri, ya saci kallona. Ya san na gani.

"Sikeli bai nuna ya rame ba," in ji Yaya, kamar ya ji abin da ke raina.

"Ruwa ne, Yaya. Naman ya tafi, ruwa ya zauna a wurinsa. Dubi ƙafarsa, dubi dantsensa."

"Ke dai ba za ki taɓa yi mana murna ba," in ji Umma a hankali. Ita ce ba ta taɓa sa baki ba sai ranar. Tata ta fi ta kowa yi mini ciwo.

Na shiga kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke. Washegari na tashi na dafa kabeji.

Shaƙuwa ta fara. Sai ƙaiƙayi, yana sosa jiki har da jini. Ya koma barci a zaune, don in ya kwanta numfashi ba ya isarsa. Na ce a tafi asibitin gwamnati yau, Gwaggo ta ce mai asibitin ya riga ya gaya musu dattin ne ke fita, alamar magani na aiki. Na durƙusa a gaban Baba, ni da ban iya durƙusa wa kowa don roƙo ba, na riƙe ƙafafunsa masu kumburi. Ya dafa kaina.

"Saura kaɗan in kammala, Uwata. Hedimasta ma ya kusa. Bari mu ga ƙarshe."

Zuwanmu na gaba kujerar taga ba kowa. Baba ya ce ƙila ya makara. Aka sa masa ruwa, ya yi ta kallon ƙofa har ledar ta ƙare. Zuwan da ya biyo baya, wata mata ce a kujerar, sabuwa, da mijinta yana yi mata fifita da hoton takardar nan mai leda.

Baba ya kira nas ɗin da ke ɗaura masa allura. "'Yata, ina Hedimasta?"

"Ya daina zuwa, Baba. Ka san wasu ba su da haƙuri."

"Shi? Mutumin da ya fi kowa ɗoki?"

Ta ɗaga kafaɗa, ta manna filasta, ta wuce. Baba ya ciro wayarsa da hannun da ba allura, ya miƙo mini in nemo masa lambar wayar Hedimasta, don idonsa ya fara dishi-dishi. Na nemo, na sa masa a kunne. Ina jin muryar 'yar daga inda nake. Ba ta yi doguwar magana ba. Baba ya ce, "Innalillahi." Ya ce, "Yaushe?" Ya ce, "Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ku haƙuri." Ya sauke wayar a kan cinyarsa, ya zuba wa ledar ruwan ido, tana ɗiga.

Mai asibitin yana da al'adar zagayowa da hantsi ya ƙarfafa wa marasa lafiya gwiwa, musamman in akwai sababbi. Ya shigo da ƙamshinsa, ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya ce wa matar da mijinta su kwantar da hankalinsu. Ya ce tun da ya fara wannan aiki, duk wanda ya kammala lambarsa ta sauka, kuma a cikin waɗanda suka kammala bai rasa ko mutum ɗaya ba.

Na buɗe baki. Baba ya riƙe hannuna.

"Likita," ya ce. Muryarsa ta dushe, sai da ya sake. "Likita. Hedimasta fa?"

"A'a, Baba, ai shi bai kammala ba."

"Ya rasu."

Murmushin ya ɗan ja baya. "Allah ya jiƙansa. Wallahi ban ji ba. Ka ga irin abin da nake faɗa, in mutum ya katse magani a tsakiya…"

"Bai katse ba. 'Yarsa ta ce yana shirin zuwa nan ya faɗi. Da takalmi a ƙafarsa." Baba ya tsaya ya ja numfashi, shaƙuwa ta katse shi, ya jira ta wuce. "To yanzu shi, a wane layi za ka rubuta shi?"

"Baba, wannan magana ce ta masu bincike. Wanda bai kammala ba, ba ya shiga lissafi, haka tsarin yake."

 Mijin matar ya daina fifita.

Baba ya juyo gare ni. "Uwata, mutum nawa kika ce babu a takardar nan?"

"Ashirin da tara, Baba."

Ya jinjina kai a hankali, yadda yake yi in ya gama sauraron inji ya gano inda ƙarar take. Ya miƙa hannunsa mai allura wajen nas. "Zo ki cire mini wannan."

Ta dubi maigidanta. Ban jira ba. Na rufe ruwan, na ɗaye filastar, na zare allurar na danne wurin da auduga. Mai asibitin yana cewa wani abu a kan haƙuri da saura kaɗan. Ban ko kalle shi ba. Na sa kafaɗata a hammatar Baba na ɗaga shi, na ji yadda saman jikinsa ba nauyi, ƙasa kamar an cika buhu da ruwa. A matakala sai da muka huta a kowane 'yan taku. Yana numfashi kamar ana jan zarto.

Na kira Yaya. Ya iso a fusace, ya fito daga mota yana faɗa tun daga nesa, me na yi, wa ya ba ni izini, kowa da kwanansa, mutuwar wani ba ita ce ta Baba ba. Baba yana zaune a dakalin shagon tayil, ya ɗaga ido ya kira shi da sunan da yake kiransa yana yaro.

"Babana. Buɗe ƙofar baya. In ba za ka kai ni ba, ka matsa ta tare mana tasi."

Yaya ya tsaya, makulli a hannu. Ina jin ranar ce ya fara kallon Baba ba takarda ba. Ya buɗe ƙofar. 

Likitan ƙoda bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi. Ya saurari ƙirjin Baba, ya sa aka ɗebi jini da gaggawa, ya dubi sakamakon, na ga muƙamuƙinsa ya motsa. Ya ce ruwa ya hau huhu, kuma wani gishirin jini ya kai inda zai iya tsayar da zuciya kowane lokaci. Ya ce yanzu za a sa bututu a wuya a ɗora shi, ba gobe ba. Na tambaye shi ko mun makara. Ya ce bai sani ba. Na gode masa a raina da bai ce mini komai zai yi daidai ba.

Umma da Gwaggo suka iso ana tura shi ciki. Gwaggo ta nuna ni da yatsa a baranda, ta ce ni na tsorata shi har jikinsa ya rikice, ga shi saura ƙiris ya kammala. Umma ta zauna a benci, ta ja gefen mayafina ta riƙe. Ban janye ba.

Mutum ɗaya aka yarda ya shiga. Ba a yi gardama a kan ko wa ba.

Ɗakin wankin ba furanni, ba hotuna. Fenti ya ɗaɗɗaye a bango, fanka ɗaya ba ta juyawa, gadaje a jere kowanne da injinsa yana ƙyafta fitila. Nas ta cire masa agogo ta ba ni, na sa a hannuna, ya yi mini yawa kamar yadda ya yi masa. Na ga jininsa ya fita ta bututu, ja mai duhu, ya zagaya cikin injin ya dawo. Baba ya bi shi da ido, ya kasa kunne.

"Famfon nan yana son mai," ya ce.

"Zan gaya musu."

Ya rufe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Na matso ina ƙirga numfashinsa. Sai ya buɗe ido.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Nan wurin, in na mutu a kai, za su sa ni a lissafi?"

 Na so in ce ba za ka mutu ba. Na riƙe hannunsa, wanda ya zama ƙashi da fata, na gaya masa abin da na sani.

"Za su sa ka, Baba."

"To," ya ce. Ya gyara kansa a kan filo, a hankali saboda bututun, ya lumshe ido. Injin ya ci gaba da juyawa.